Tambayoyi da Amsoshi Kan Ninja Gaiden 2 Black, Wasan da Ba Ya Sassauta wa Kowa

Wannan shafi an tanade shi ne domin wanda ya ɗauki hannun wasa ya shiga Ninja Gaiden 2 Black, sannan ya tarar ana kashe shi tun kafin ya gane daga ina sara ta fito, da kuma wanda yake shawarar ko ya saya ko ya haƙura. Amsoshin sun karkata ga abu guda: wahalar wasan tana da ƙa'ida, kuma ana iya koyon ƙa'idar.

Wane wasa ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Ninja Gaiden 2 Black wasan bidiyo ne na faɗa da takobi, wanda sashen Team Ninja na kamfanin Koei Tecmo da ke Japan ya yi. Ya fito ranar 23 ga Janairun 2025, a ranar da aka sanar da shi a wani taron Xbox, ba tare da an yi ta tallarsa watanni ba kamar yadda aka saba. Ana buga shi a PlayStation 5, da Xbox Series X da S, da kuma kwamfuta. Mai wasa yana riƙe da Ryu Hayabusa, ninja ɗan gidan Hayabusa, wanda sunansa ya daɗe a duniyar wasanni tun daga Ninja Gaiden na farko da kamfanin Tecmo, wanda daga baya ya zama Koei Tecmo, ya fitar a 1988.

Me ya sa ake cewa sabuntawa ce, ba sabon wasa ba?

Domin wasan ya taɓa fitowa har sau biyu kafin wannan, kuma sai an san waɗannan biyun ake fahimtar gardamar da ke tsakanin masoyansa.

Na asali, Ninja Gaiden II, ya fito a Xbox 360 a watan Yunin 2008, a ƙarƙashin jagorancin Tomonobu Itagaki, wanda ya bar Tecmo a daidai wannan lokaci bayan saɓani da kamfanin. Wasan nasa ya yi suna da yawan abokan gaba: suna kwararowa da yawa a lokaci guda, suna da zafin nama, amma gaɓoɓinsu ba sa wuyar yankewa. Akwai wata doguwar matattakala kusa da ƙarshen wasan inda yawansu ya kai na'urar kanta tana gazawa, hoto ya riƙa tafiya a hankali.

A 2009 sai Yosuke Hayashi ya jagoranci wata siga ta PlayStation 3 mai suna Ninja Gaiden Sigma 2. A nan an rage yawan abokan gaba, an ƙara musu tauri, an maye gurbin yawancin jinin da wani hayaƙi mai ruwan shunayya, an kuma ƙara babuka uku da ake bugawa da jarumai mata. Wasu sun ji daɗin gyaran, wasu kuwa har gobe suna ganin an zare wa wasan laka.

Sigar 2025 an sake gina hotunanta ne da manhajar gina wasanni ta Unreal Engine 5. Ta dawo da jini da yanke gaɓoɓi, ta dawo da ɗaga darajar makamai da kuɗin da aka tara, ta ƙara yawan abokan gaba fiye da na Sigma 2, ta kuma cire faɗan da ake yi da ƙattin gumaka biyu, wato na Buddha da kuma mutum-mutumin 'Yanci na New York. Duk da haka, gaskiyar magana ita ce ƙashin bayanta na Sigma 2 ne. Wanda ya zo neman cunkoson 2008 sak ba zai same shi ba, kuma yana da hujjarsa idan ya yi ƙorafi. A ganina wannan bai hana ta zama ƙofar da ta fi dacewa da sabon shiga ba.

Mene ne labarin wasan?

Ninjojin Baƙin Gizo, ƙarƙashin shugabansu Genshin, sun kai hari ƙauyen Hayabusa, aka sace wani gunki da ake tsare da shi a can, da nufin tayar da babban dodo Vazdah. Ryu ya bi sawu tare da taimakon Sonia, jami'ar leƙen asirin Amurka, daga Tokyo zuwa New York, zuwa wani birnin ruwa mai kama da Venice ta Italiya, zuwa wani birnin sanyi mai kama da Mosko, zuwa dazukan Kudancin Amurka, har ya dawo dutsen Fuji. Labarin ba shi da zurfi, aikinsa kawai ya kai mai wasa fage na gaba.

Sai na buga wasan farko kafin na shiga wannan?

A'a. Ninja Gaiden na 2004, da gyararriyar sigarsa Ninja Gaiden Black ta 2005 wadda daga gare ta aka aro kalmar Black, sun fi karkata ga bincike da komawa wuraren da aka wuce, alhali wannan tafiya ce miƙaƙƙiya daga faɗa zuwa faɗa. Babuka na farko suna koyar da dabarun ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa wasan yake da wuya haka?

A yawancin wasannin faɗa, abokan gaba suna kewaye jarumi ne suna jiran layi, ɗaya ya kawo sara saura su tsaya kallo. A nan babu wannan ladabi. Ninja huɗu ko biyar za su faɗo tare, ɗaya yana sara, ɗaya yana jifa daga nesa, na uku yana zagayawa ta baya, kuma kowannensu yana da hanyar kashe Ryu cikin 'yan daƙiƙu idan aka ba shi dama. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan wannan aka gina wasan.

Abu na biyu shi ne tsarin ma'aunin rai. Idan faɗa ya ƙare, wani ɓangare na ran da aka rasa yana dawowa da kansa, amma kowace sara tana barin wani jan tabo a ƙarshen ma'aunin wanda ba ya warkewa sai da magani, ko shuɗin hasken da ke fitowa daga gawarwaki, ko gunkin dodo da ake ajiye wasa a wurinsa, shi ma sau ɗaya yake warkarwa. Saboda haka wanda ya ci faɗa da ƙyar yana shiga na gaba da guntun rai, kuma kuskuren da ya yi minti biyar baya shi ne yake kashe shi yanzu.

Ina riƙe maɓallin karewa, amma duk da haka ana kashe ni. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Karewa tana tare sara da jifa na yau da kullum, amma ba ta tare kamu. Da zarar Ryu ya tsaya wuri ɗaya yana karewa na daƙiƙa biyu, wani ninja zai rungume shi ya yanka masa wuya, kuma kamu yana cin rai fiye da sara uku. Wanda ya yi ta danna maɓallin sara ba kai ba gindi shi ma haka zai ƙare, domin dogon jerin sara yana kafe Ryu a kan mutum ɗaya yayin da saura suke bayansa.

Mafita tana cikin motsi. Ana tare sara ɗaya, sai a tura sandar motsi gefe yayin da ake riƙe da karewa, Ryu ya goce da sauri, sannan a yi tsalle nan take. Gocewa da tsalle a jere su ne ainihin tafiyar Ryu a cikin faɗa, kuma ya kamata hannu ya saba da su har ya daina tunani. Ana iya taka kan abokin gaba a yi tsalle a fice daga tsakiyar taro, ana iya gudu a jikin bango a faɗo da sara.

Bayan motsi sai abin da ƙwararru suka dogara da shi: akwai wasu lokuta da babu abin da zai iya taɓa Ryu. Lokacin da yake ƙarasa wanda aka yanke wa gaɓa, lokacin da ya saki babbar sarar da yake tara wa ƙarfi, da lokacin da yake sihirin ninpo, duk sara da jifa suna wuce shi. Iya wasan nan shi ne iya haɗa waɗannan lokuta ɗaya bayan ɗaya, ta yadda tsakaninsu ba za a bar tazarar da za a kama shi ba. A wannan wasa hari shi ne mafaka, muddin harin da aka zaɓa ne da sani.

Me zan yi da abokin gaba da hannunsa ko ƙafarsa ta yanke?

A ƙarasa shi nan take. Idan aka matsa kusa da shi aka danna maɓallin sara mai nauyi, wato Y a Xbox ko alwatika a PlayStation, Ryu zai kashe shi da dabarar da wasan ya kira Obliteration Technique. Kuskuren sababbin shiga shi ne su ɗauka gurgun ninja ya fita daga lissafi. Shi ne ma ya fi haɗari, domin ya riga ya sallama ransa: zai ja ciki a ƙasa a hankali, ya damƙi ƙafar Ryu, ya hau kansa, ya soka masa ƙarfe mai fashewa su tashi tare. A matakan wahala na sama, wannan kamu ɗaya yana iya cinye mafi yawan ma'aunin rai.

Da ƙwarewa ta zo, mai wasa zai fara kallon gurgun nan a matsayin dama. Idan ya ga an jefo masa abin fashewa ya manne a jikinsa, sai ya ƙarasa gurgun a daidai lokacin, fashewar ta auku yana cikin halin da ba a taɓa shi.

Mene ne amfanin ƙwallayen hasken da ke fitowa daga gawarwaki?

Kala uku ne. Rawaya kuɗi ne da ake kashewa a shagon tsohon maƙeri Muramasa, shuɗi yana mayar da rai, ja kuma yana cika ƙarfin ninpo. Amma suna da wani aiki na daban. Idan aka riƙe maɓallin sara mai nauyi, Ryu yana tara ƙarfi domin babbar sara, kuma tarawar tana ɗaukar lokacin da abokan gaba ba za su bayar ba. To idan akwai ƙwallon haske yana shawagi a kusa, Ryu yana zuƙe shi, ƙarfin ya cika nan take.

Dabarar da ta raba ƙwararre da ɗan koyo ita ce a yi tsalle, a danna maɓallin a riƙe a daidai lokacin da ƙafar Ryu ta taɓa ƙasa. Idan an dace da lokacin, zuƙar tana faruwa cikin ƙiftawar ido, a saki, Ryu ya yi kaca-kaca da wanda ke gabansa, gawar ta fitar da sabon haske, a sake tsalle a maimaita. Riƙe maɓallin karewa yana hana hasken shiga jikin Ryu da kansa, don haka ana iya adana shi a fage har a buƙace shi. Akwai ciniki a nan da ya kamata a lura da shi: shuɗin hasken da aka ƙona a babbar sara ba zai warkar ba, don haka wanda ransa ya yi ƙasa gara ya bari ya shige shi.

Wane makami ya kamata na fara ɗaga darajarsa?

Takobin gado na Ryu, Dragon Sword, shi ne na farko, domin da shi ake samun dabaru biyu da ke ɗauke da mutum har ƙarshen wasa. Ɗaya ita ce sarar da ake kawowa daga sama, a yi tsalle gaba a danna sara mai nauyi, Ryu ya ratsa ta wuyan abokin gaba. Ɗayar ita ce Izuna Drop, inda yake cilla mutum sama, ya sassare shi, ya rungume shi, su juyo ƙasa da kai. A Xbox ana yin ta da X, Y, X, X, X, Y. Tana kashe yawancin abokan gaba masu siffar mutum kai tsaye.

Bayansa sai sandar Lunar, wadda ake samu da wuri, mai share fage idan an kewaye mutum. Faratan ƙarfe da ake ɗaurawa a hannu da ƙafa suna yanke gaɓoɓi da sauri. Babban laujen da ake karɓewa daga Volf, ɗaya daga cikin manyan dodannin wasan, yana da nauyi, amma yana rusa manyan dodanni. Akwai kuma takubba biyu, da lauje mai sarƙa, da kulake biyu na tonfa waɗanda babbar sararsu tana cikin mafiya ƙarfi. Shawarata ita ce a kai makami biyu ƙololuwa kafin a rarraba kuɗi a kan saura, kuma a riƙa barin wani abu domin magani.

Wane matakin wahala zan zaɓa? Abin kunya ne a fara da mai sauƙi?

Ba abin kunya ba ne. Akwai salon Hero, wanda yake karewa da gocewa a madadin mai wasa idan rai ya yi ƙasa sosai, kuma ya dace da wanda yake son ya ga wasan har ƙarshe. Illarsa ita ce yana ɓoye kuskure, mutum ya kai babi na goma bai koyi gocewa ba. Wanda yake son ya iya wasan da gaske gara ya fara da matakin Acolyte, sannan Warrior. Mentor da Master Ninja kuwa wani wasa ne daban, domin ana sauya irin abokan gaban da ke kowane fage, waɗanda ake haɗuwa da su a ƙarshe su fito tun a babin farko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma babu wanda ya gama Master Ninja ba tare da ya mutu sau da yawa ba.

Duk wahalar wasan adalci ce, ko akwai inda laifin nasa ne?

Akwai inda laifin nasa ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kyamara ita ce babbar matsala tun 2008, kuma sabuntawar ba ta kawar da ita ba. A cikin lungu ko ɗaki matsattse takan maƙale a bango, mai wasa ya ji ana saransa daga inda ba ya gani. Sojoji masu harba roka daga nesa da ninjoji masu jifa da shuriken, wato ɗan ƙarfen jifa, mai fashewa sukan kai hari daga wajen allo. Wuraren ruwa da na tsalle-tsalle ba su kai faɗan ƙasa daɗi ba ko kusa.

Abin da ke ragewa shi ne a saba da maɓallin da ke mayar da kyamara bayan Ryu, a riƙa janyo faɗa zuwa fili, kuma a yi amfani da kunne, domin yawancin hare-hare suna da sautin da ke gabatarsu. Idan fage ya cika da masu harbi, a fara da su.

Yaya ake tunkarar manyan bos?

Manyan dodanni huɗu ne ke riƙe da tsakiyar wasan: Alexei mai walƙiya a New York, Volf mai hannu huɗu a filin dagar birnin ruwa, Zedonius mai wuta, da Elizébet mai jini. Kowannensu yana da kamu mai cin rai da yawa, don haka tsayawa a gabansu ana karewa ba ta da amfani. A zagaye na farko kada a damu da cin nasara. A yi ta gocewa ana ƙirga saran da yake jerawa, a ga inda yake numfasawa. A wannan gurbi ake sara biyu ko uku a janye. Kwaɗayin sara ta huɗu shi ne ya fi kashe mutane.

Genshin ya bambanta da su, kuma a wurina faɗansa ne mafi kyau a wasan. Mutum ne kamar Ryu, girmansu ɗaya, yana karewa, yana gocewa, yana mayar da martani, kuma ana haɗuwa da shi sau da dama, kowane karo ya fi na baya tsanani. Kamar dambe ne tsakanin 'yan wasa biyu da suka san hannun juna, wanda ya fara kai naushi a banza shi ne ƙasa.

Babukan da ake bugawa da mata fa?

Cikin babuka 17 na wasan, uku nasu ne. Momiji tana riƙe da naginata, doguwar sanda mai takobi a kai, tana kuma tsalle biyu a sama. Rachel tana da ƙatuwar guduma da bindiga, tafiyarta a hankali amma dukanta da nauyi. Ayane, wadda aka fi sani a wasannin Dead or Alive na Team Ninja, ita ce mafi sauri, da gajerun takubba biyu. Babukan gajeru ne. Ana kuma samunsu a wasu faɗace-faɗace na daban da ake yi biyu-biyu, inda na'ura take riƙe da abokin tafiya.

Ya dace da yara?

Bai dace ba. Hukumomin tantance wasanni sun ware shi ga manya: a Turai shekara 18, a Amurka 17 zuwa sama. Ana sare kawuna da hannaye a fili, jini yana wanke bango, kuma shigar wasu daga cikin matan wasan ba ta da kamun kai. Iyaye da masu shagunan gem da yara ke taruwa a cikinsu su san wannan kafin su ɗora shi a na'ura.

Yana buƙatar intanet?

Ana buƙatarta wajen sauke shi da karɓar gyare-gyare, kuma wasan yana da nauyi, gigabait masu yawa, don haka wanda yake sayen data da kuɗinsa ya yi lissafi tukuna. Ya kamata a karɓi gyaran da ya fito a Fabrairun 2025, wanda ya ƙara damar sake fara wasa da makaman da aka tara, ya kuma taɓa yawan abokan gaba a wasu wurare. A kwamfuta, gara a rage kyawun hoto a samu motsi mai santsi, domin dabarun da aka ambata a sama sun dogara ne da dacewa da lokaci, kuma hoto mai tsinkewa yana ɓata su. Haka nan hannun wasa ya fi allon rubutu dacewa nesa ba kusa ba.

Ninja na gaskiya haka suke?

A'a. Shinobi, wato ninja na tarihi, waɗanda aka fi dangantawa da yankunan Iga da Koga a zamanin yaƙe-yaƙen basasar Japan na ƙarni na 15 da na 16, aikinsu leƙen asiri ne da kutse da ɓarna a ɓoye. Ryu ba ya ɓuya ko sau ɗaya. Wasan ya ɗauki suna da wasu makamai ne kawai, saura ƙirƙira ce.

Na buga Dark Souls ko Nioh. Zan same shi da sauƙi?

Haƙurin da waɗannan wasanni suka koyar zai yi amfani, amma ɗabi'unsu za su cutar. A cikinsu ana ja da baya ne a jira, a lura da ma'aunin gajiya, a ɗaga darajar jarumi idan wuri ya gagara. A nan babu ma'aunin gajiya, babu kuma tara daraja da za ta rufe gazawar hannu, sannan ja da baya yana ba masu jifa fili ne kawai. Nioh ma na Team Ninja ne, ya fito a 2017, amma saurinsa da na wannan ba ɗaya ba ne.

Idan na gama, me ya rage?

Akwai ƙoƙunan kai na lu'ulu'u guda 30 da aka ɓoye a cikin babukan, akwai sake buga kowane babi domin neman maki, akwai kuma matakin wahala na gaba, wanda a nan ne ake gane ko an koyi wasan ko sa'a ce ta fitar da mutum. Wanda yake da Xbox ta zamani yana iya buga sigar 2008 a kanta, ya ga matattakalar nan da idonsa ba tare da tsinkewar da aka sha a Xbox 360 ba, ya kuma ga aikin Itagaki, wanda ya rasu a Oktoban 2025, yadda ya bar shi. Ninja Gaiden Master Collection ta 2021 tana ɗauke da Sigma, wato wata sigar wasan 2004, da Sigma 2, da Ninja Gaiden 3: Razor's Edge. Ninja Gaiden 4 kuma, wanda PlatinumGames ta yi tare da Team Ninja, ya fito ranar 21 ga Oktoban 2025 da sabon jarumi mai suna Yakumo, kuma Ryu yana ciki.